Kiwo a Inuwar Daji: Tarihin Makiyayar Goronyo da Wurno da Rabah

Kiwon shanu a ƙasar Goronyo da Wurno da Rabah ya ginu ne a kan wurare biyu: fadamar Gulbin Rima da dajin da ke gabas da ita, wanda mafi shaharar ɓangarensa shi ne Gundumi. Da damina, idan ruwa ya malale fadama, manoma suka rufe tudu da gero, sai Fulani su kora garke daji. Da kaka su dawo gonaki su ci kara da harawa, rani ya same su a bakin gulbi.

Gundumi sananne ne tun ƙarni na 19. Matafiyi Clapperton ya ratsa shi a 1824, Barth kuma a 1853, kafin ya isa Wurno a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A wancan zamani ayari na tsoronsa saboda ƙishirwa da farmakin Gobirawa, har akan yi tafiyar dare da rana ba zango. Rashin ruwan da ya hana mutane kafa gari a ciki shi ne ya bar wa dabbobi itatuwansa. A gefen gulbi kuwa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, inda aka binne shi a 1837, ya kuma ja hankalin Fulani makiyaya su zauna kusa da garuruwa. Daga nan cuɗanyar manomi da makiyayi ta ƙara ƙarfi: garke ya kwana a gona bayan girbi, mai gona ya samu taki, ya saka da hatsi.

Amfanin inuwa ya fi bayyana da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Saniyar da rana ta gasa takan rage ci, ta yi ta haki, nono ya ja baya, ɗaukar ciki ma ya yi wuya. 'Yan maruƙa su suka fi jigata. Shi ya sa makiyayi ke fita da sanyin safiya, idan rana ta take ya tsayar da garke a gindin itace su kwanta su yi tuƙa, sai la'asar a ci gaba. Bokolo, farar saniyar Sakkwato mai gajeren ƙaho, da jar Rahaji duk suna da jimirin zafi, amma jimiri bai hana asarar nama da nono. Wata fa'idar dajin yankin ita ce bai da duhuwa irin ta kurmin kudu, inda tsando ke baza cutar sammore. A nan ana samun inuwa ba tare da wannan haɗarin mai yawa ba.

Ba kowane itace ne ke da daraja ɗaya a wurin makiyayi ba. Tsamiya da maɗaci suna da inuwa mai kauri. Marke da kalgo da aduwa abinci ne idan ciyawa ta ƙare, makiyayi ya hau da gatari ya sauko da ganye. Amma gawo ya fi su duka, domin yanayinsa ya saɓa da na sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. Don haka bai tauye gero da inuwa, kuma yana ba da ita daidai lokacin da dabba ke nema. 'Ya'yansa na zubowa a ƙarshen rani, shanu da awaki su yi ta tsinta, kashin da suka bari a gindinsa ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, irin da ya bi ta cikinsu kuma ya fi saurin tsira. Manomin da ya bar gawo a gonarsa ba don ado ya bar shi ba.

Turawan mulkin mallaka sun ci gaba da karɓar jangali, suka kuma shata gandun daji inda sara ke buƙatar izinin malamin daji, abin da ya mai da yankan ganye laifi a wurare da dama. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello, wanda haifaffen Rabah ne, ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, sai dai da yawa daga cikinsu ba a tabbatar da iyakokinsu ba.

Farin farkon shekarun 1970 da na 1984 sun kashe dabbobi da itatuwa. Madatsar ruwan Goronyo, da aka kammala a 1984, ta sauya yadda gulbi ke ambaliya, noman rani na shinkafa da albasa da tafarnuwa ya mamaye fadamar da shanu ke cin rani a cikinta. Gonaki suka ci burtali, masu itacen girki da gawayi suka rage manyan itatuwa. Dogonyaro, wanda asalinsa daga Indiya yake, ya cika garuruwa da inuwa, amma shanu ba su cika cin ganyensa mai ɗaci ba. A shekarun baya-bayan nan kuma 'yan bindiga sun samu mafaka a Gundumi, makiyaya da yawa suka ƙaurace masa, suka koma kiwo a gefen gari da sayen dusa da harawa.