Lugu: ƙauyen da sunan Sarauniyarsa ya fi shi girma

Duk ɗan Nijar da ya zauna bencin lakwal ya ji sunan Sarauniya Mangu. Amma ku tambayi mutum goma a Yamai ina Lugu take, ku ji amsa.

Lugu tana ƙasar Arewa, jihar Doso, cikin gundumar Dogon Dutsi, a yankin Dallol Mawri mai faƙo da tsaunukan jan dutse. Ba ta da magajin gari nata na kanta, ƙarƙashin komin ɗin Dankasari take. Ƙauye ne ƙarami ƙwarai, na manoman hatsi, kuma ba ya bakin gudron.

Abin da ya bambanta ta shi ne sarautar mace. Dattawan yankin suna cewa Sarauniya ta farko daga Daura ta taso, tare da dutsen Tunguma wanda Azna ke zuwa gabansa neman hukunci in magana ta gagara. Sarautar ba a kamfen a kanta. In Sarauniya ta rasu, gawarta ake ɗauka, wadda gawar ta nufa ita ce magajiya. Tarkama ke nan, in ji Arawa.

A watan Afrilu 1899 ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine, da ke neman tafkin Cadi, ya iso yana ƙone garuruwa. Mutanen Lugu ba su miƙa wuya ba. Suka shige kurmin ƙaya suna harbi da kibau, Nasara suna ɓarin harsashi dubbai. An kashe sojan ayarin 4, aka raunata 6, aka cinna wa ƙauyen wuta, amma ba a kama Sarauniya ba. Cikin watan Mayu Birnin Konni ta ga tashin hankalin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Su kuma jagororin biyu, sojojinsu ne suka hallaka su a watan Yuli wajen Maijirgi, kusa da Tasawa.

Takardun Nasara a taƙaice suka ambace ta, wai tsohuwa mai tsafi. Mangu jaruma da muka sani yau, galibi daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 ta fito, sai fim ɗin Med Hondo na 1986 da ya ci babbar kyautar Fespaco a Wagadugu shekarar 1987. Littafin ƙagaggen labari ne, kuma a ganina mun riƙe shi fiye da bakin tsofaffin Lugu, alhali su ne magada.

Yau akwai rediyo mai sunanta a Yamai, har lambar girmamawa ta ƙasa an sa ma sunan. Lugu kuwa mutanenta da dama sun watsu wasu garuruwa, masu riƙe da al'adar Azna suna ta raguwa. Wanda ke da kaka ko kakane a yankin nan, ya ɗauki salula ya naɗi muryarsu tun suna raye, ya aiko mana mu sa a iska.