Ci da Makwanci a Minna: Daga Zauren Fatoma Zuwa Lokos

Jama'a, kafin mu yi kukan tsadar hatsi da kuɗin haya, ya kamata mu waiwayi yadda iyayenmu suka zauna a garin nan. Minna ƙasar Gwari ce. Hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, wadda aka kammala a 1911, ita ta jawo kakanninmu, wasu lebura, wasu fatake, wasu almajirai. A Limawa da Kwangila baƙo ba ya kwana a waje. Fatoma zai ba shi zaure, maƙwabta su fito da ƙwaryar tuwo a yi ciyayya, har ya kama sana'a.

Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo, ɗakin haya ya yi daraja, zaure ya koma shago. Gwamnatin Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta ɗauki aniyar gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara. Har yau muna kiran wasu unguwanni a Bosso da Tunga da sunan lokos. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari daga albashi. To, mai turin baro da mai sayar da goro ina suka ga albashi? Shi ya sa yawancinmu muka ci gaba da zaman haya.

Ta ɓangaren abinci kuwa, dattawanmu ba su manta da layin shinkafa da madara na 1984 ba, ga kuma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Bayan cire tallafin mai a 2023, tura ta kai bango, har mata suka tare hanya a Kpakungu cikin Fabrairun 2024 saboda yunwa.

Abin lura shi ne, taimakon hukuma yakan zo ya wuce da mai mulki, amma ciyayya da zakka ba su taɓa jiran kasafin kuɗi ba. Don haka muna kira ga masu gidaje a cikinmu su sassauta wa gwauraye da marayu, 'yan kasuwar hatsi kuma su riƙa ware wa ƙungiya mudu guda daga kowane buhu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya rufa mana asiri, amin.