Daga Wayar Dare Zuwa Intanet: Yadda Ɗalibai Suka Koyi Sauraron Juna

Tarihinmu na wannan mako ya faro ne daga maƙabarta.

A shekarar 1935, a garin Lincoln na ƙasar Ingila, aka tura wani matashin malamin coci mai suna Chad Varah ya jagoranci jana'izar wata yarinya da ba ta kai shekara 15 ba. Jinin al'ada ta fara gani, ta ɗauka wata mummunar cuta ce ta kama ta, ba ta da wanda za ta tambaya, sai ta kashe kanta. Abin ya tsaya wa Varah a rai. A watan Nuwamba na 1953 ya buɗe layin waya a Landan domin duk wanda duniya ta yi wa zafi ya kira, wanda ya zama ƙungiyar Samaritans. Can ya lura da wani abu: masu sa kai da ke ba baƙi shayi suna sauraronsu kafin su shiga wurinsa, sau da yawa su ne maganin. Mutum zai amayar da abin da ke cikinsa, ya tashi ya tafi ba tare da ya nemi ganin malamin ba.

Wannan darasi ne ya shiga jami'a a 1970. A Jami'ar Essex, wani malamin tarihi, Geoffrey Hosking, da limamin cocin makarantar, Malcolm France, suka horar da ɗalibai su riƙa kwana a gaban waya suna amsa kiran 'yan uwansu. Suka sa wa abin suna Nightline, wato layin dare. Ƙa'idojinsa ba su da yawa: ba a tambayar suna, ba a fitar da sirri, ba a yanke wa mutum hukunci, ba a ce masa yi kaza. Hikimar ita ce, ɗan shekara 19 ya fi sakin jiki da wanda bai daɗe da wuce inda yake tsaye ba.

Da farko, a ƙafa wannan dabara ta riƙa tsallaka iyaka. Ɗalibi zai je karatu wata ƙasa, ya tafi da ita. Ta kuma isa Ailan da Jamus. Haka kuma Patrick Skehan, ɗan Ailan da ya taɓa aikin layin dare a Dublin, ya je Paris bai tarar da irinsa ba, ya kafa na Faransa a 2016.

A gefe guda kuma, ana ta share wata hanyar da ba ta buƙatar biza. A 1988 Peter Copen ya haɗa makarantu 12 na jihar New York da 12 na Moscow ta kwamfuta, tun Tarayyar Sobiyat na nan da ranta. Daga nan aka samu cibiyar iEARN. Bayan haka wani malamin fim, Jon Rubin, ya sa ɗalibansa na Amurka da na ƙasar Belarus suka riƙa haɗa bidiyo tare ba tare da sun taɓa haɗuwa ba. A 2006 jami'ar jihar New York ta kafa cibiyar COIL a kan wannan tsari: aji biyu, ƙasa biyu, aiki ɗaya.

Annobar korona ta 2020 ita ta haɗa hanyoyin nan biyu. An rufe makarantu, an dakatar da jirage, kaɗaici ya rufe matasa. Masu layin dare da dama suka koma amsa saƙonni daga ɗakunansu, azuzuwan haɗin gwiwa ta intanet suka yawaita, lafiyar ƙwaƙwalwar matasa ta zama batun da ɗaliban ƙasashe daban-daban ke aiki a kai tare. A 2023 layukan dare na ƙasashen Turai suka dunƙule a ƙarƙashin inuwa ɗaya, Nightline Europe, suna musayar horo da bayanai.

Dalilin wannan fafutuka a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori kan fara ne kafin a wuce shekara 14. Likitoci ba za su taɓa isa ba.

Mu ma abin ya iso mu. A 2016 Victor Ugo, wanda ciwon damuwa ya kama yana ɗalibin likitanci, ya kafa ƙungiyar MANI a Najeriya, matasa masu sa kai suna sauraron matasa ta shafukan sada zumunta. Sai a Janairun 2023 ƙasar ta sauya dokar mahaukata ta 1958 da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Amma akwai abin da intanet ba ta iya ɗauko mana daga waje. Tsarin sauraro yana tsallaka iyaka cikin sauƙi, kalmomin ciwo kuwa ba sa yi. Yarinya a Funtuwa ko Maraɗi ba za ta ce tana da larurar ƙwaƙwalwa ba, domin ta san abin da zai biyo baya: a ce hauka, ko iska, ko rashin tawakkali. Cewa za ta yi ƙirjinta ya yi nauyi, ko barci ya ƙaurace mata, ko komai ya fita daga ranta. Ɗalibin da bai san wannan ba, ko da ya yi aji da na ƙasa goma, za ta gama magana bai ji ta ba.

Yarinyar Lincoln ba likita ta rasa ba. Ta rasa wanda za ta tambaya, da bakin da za ta yi tambayar. A gidajenmu akwai irinta, wataƙila ƙanwar da ta daina fitowa hira tsakar gida. Wa zai zauna kusa da ita ya yi shiru har ta fara magana?

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.