Fitilar gargaɗin inji da matsalar misin: Abin da mai mota zai iya ganowa a gida

A allon da ke gaban direban kowace motar zamani akwai wata 'yar fitila mai launin ruwan ɗorawa, wadda aka zana da siffar inji. Direbobi da makanikai a Najeriya suna kiran ta fitilar cek. Da wuya a sami alama a jikin mota da ake yi wa gurguwar fahimta kamarta. Wasu kan firgita da zarar ta kama, su sayo kayan gyaran da ba a buƙata, wasu kuwa sai su shekara suna tuƙi da ita a kunne. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, duk litar da inji ya zubar bai ƙona ba asara ce da aljihu ke ji nan take, ga kuma ɓarnar da ke biyo baya a cikin injin.

Asalin fitilar

Fitilar wani ɓangare ce na tsarin binciken kai da ake kira OBD, wanda ya samo asali daga dokokin rage hayaƙin mota na jihar Kalifoniya a Amurka. Daga shekarar 1996 aka wajabta tsarin OBD-II a kan dukkan ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka. Tarayyar Turai ta bi sahu da nata tsarin mai suna EOBD, inda ta wajabta shi ga motoci masu amfani da fetur daga 2001, sannan masu amfani da dizal daga 2004. Da yake mafi yawan motocin hannu da ake shigowa da su ta tashoshin ruwan Legas da Kwatano daga waɗannan ƙasashe suke fitowa, galibinsu suna ɗauke da tsarin.

Kwamfutar mota tana karɓar bayanai daga ma'aunai da ke sassa daban-daban na inji. Idan wani bayani ya kauce wa ƙa'ida, sai ta adana lambar matsalar ta kunna fitila. Ga yawancin matsaloli sai abin ya maimaitu a tafiya biyu a jere kafin fitilar ta kama, kuma takan mutu da kanta bayan tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta sake bayyana ba.

Duk lokacin da aka murɗa makulli kafin a tayar da inji, ya kamata fitilar ta kama tare da sauran fitilun allo, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Motar da fitilarta ba ta kamawa ko kaɗan abin tuhuma ce, domin akan cire ƙwan ko a rufe shi don ɓoye lahani. Mai niyyar sayen motar hannu ya fara duba wannan.

Fitila a tsaye da fitila mai ƙyaftawa

Idan fitilar ta kama ta tsaya, inji kuma yana aiki daidai, ana iya ci gaba da tafiya a hankali, a bincika cikin 'yan kwanaki. Wani lokaci abin bai wuce murfin tankin mai da ba a ɗaure da kyau ba.

Idan kuwa tana ƙyaftawa, lamarin na gaggawa ne. Ma'anarsa ɗanyen fetur yana fita daga inji yana ƙonewa a cikin matatar hayaƙi da ke kan bututun salansa, wadda makanikai ke kira indomi saboda siffar cikinta. Zafin kan narkar da ita, kuma tana cikin sassa mafi tsada a mota. Direba ya sassauta totur, ya kashe na'urar sanyaya mota, ya nemi wuri mai aminci ya tsaya.

Kada a haɗa fitilar cek da jajayen fitilun baƙin mai da na zafin inji. Idan ɗaya daga cikin waɗannan biyun ta kama, kashe inji ake yi da zarar an sami gefen hanya.

Mene ne misin?

Injin fetur yana buƙatar abubuwa uku a cikin kowace silinda: cakuɗen iska da mai bisa ma'auni, matsi daga fistin, da tartsatsin wuta daga fulogi a daidai lokacinsa. Ma'aunin cakuɗen shi ne kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur bisa nauyi. Idan ɗaya daga cikin ukun ya gaza, silindar ba za ta ƙona man da aka ba ta ba. Wannan gazawa ita makanikai ke kira misin.

Alamominsa sanannu ne: inji yana karkarwa a silo, mota tana fizga idan an taka totur, ƙarfinta yana raguwa a kan hawa, shan mai yana ƙaruwa, salansa na fitar da warin ɗanyen fetur. A inji mai silinda huɗu, mutuwar guda ɗaya na nufin rasa rubu'in ƙarfin motar, shi ya sa direba ke ji nan da nan.

Kwamfuta tana gano misin ne ta hanyar lura da juyawar babban sandan inji, wato kiranshaf. Duk silindar da ta ƙona mai takan ƙara masa ɗan sauri. Wadda ta kasa takan bar giɓi, kuma daga lokacin da giɓin ya faɗo ake sanin wace silinda ce.

Yadda ake karanta lamba

A ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai soket mai ramuka 16. Nan ake jona na'urar karanta lambobi. Akwai ƙanana masu allo a jikinsu, akwai kuma irin ELM327 da ke aika bayani zuwa wayar salula ta Bluetooth. Ana jona na'urar inji yana kashe, a murɗa makulli har fitilun allo su kama, sannan a nemi lambobin da aka adana.

Kowace lamba tana da harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Harafin P na nufin inji da giya, B gangar jiki, C birki da ƙafafun mota, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Idan alƙalamin farko sifili ne, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace irin mota. Idan 1 ne, ma'anar ta kamfanin da ya ƙera motar ce.

Lambar P0301 na nufin misin a silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har zuwa ƙarshe. P0300 na nufin misin ɗin yana yawo ko ya shafi silinda fiye da ɗaya. Daga P0351 zuwa sama batun layin wutar koyil ne, daga P0201 zuwa sama kuma layin nozul mai fesa mai. P0171 na nuna iska ta rinjayi mai, P0172 mai ya rinjayi iska, P0420 kuwa matatar hayaƙi ta yi rauni.

Abin lura shi ne lamba tana nuna inda ciwo yake ne kawai, ba ta faɗin abin da ya haddasa shi. P0302 ba ta ce koyil ya mutu ba, cewa ta yi silinda ta biyu ba ta ƙona mai. A nan ne masu motoci da yawa ke asarar kuɗi, domin sai a sauya kaya ɗaya bayan ɗaya bisa zato. Kafin a taɓa komai, a rubuta lambobin duka, tare da bayanan da kwamfuta ta adana na lokacin da matsalar ta faru, kamar gudun mota da zafin inji.

Gwajin musanya

Idan lamba ta nuna silinda guda, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Yawancin motocin da aka ƙera daga farkon shekarun 2000 suna da koyil ɗaya a kan kowane fulogi. A inji mai silinda huɗu a jere, ta ɗaya galibi ita ce ta kusa da bel ɗin inji.

A ɗauka lambar P0302 ce. Bayan inji ya huce, a cire koyil na silinda ta biyu a musanya shi da na ta uku, a goge lambar, a tuƙa motar na ɗan lokaci, a sake karantawa. Idan ta koma P0303, ciwon ya bi koyil, shi za a sauya, guda ɗaya tak. Idan ta tsaya a P0302, sai a musanya fulogi ta wannan hanya. Idan har yanzu ba ta motsa ba, hankali ya koma kan nozul, wayoyin da ke zuwa silindar, ko matsin cikinta.

Ba a zare koyil ko wayar fulogi da hannu inji yana aiki, domin ƙarfin wutar da ke bi ta ciki ya kai dubban volt masu yawa. Ba a kuma barin inji yana aiki a rufaffen gareji, saboda hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar launi marar wari mai kisa. Fulogi kuwa da hannu ake fara ɗaura shi kafin a sa sifana, don kada zaren kan inji ya lalace.

Abin da fulogi ke nunawa

Bakin fulogin da aka ciro yana ba da labarin silindarsa. Launin toka ko ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Busasshen baƙin kunkunniya na nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Danshin baƙin mai a kan bakin na nuna zoben fistin ko robar bawul ta ci. Fari fat mai alamar ƙuna na nufin zafi ya yi yawa ko mai bai isa ba. Idan kuwa an tarar da baƙin mai kwance a ramin fulogi daga sama, robar murfin inji ce ke yoyo, kuma sabon koyil ma zai lalace muddin ba a sauya ta ba.

Fulogi na gama-gari kan yi kimanin kilomita 30,000, mai bakin iridiyom kuwa kan kai 100,000. Littafin motar ne ke faɗin irin wanda ya dace da ita. A manyan kasuwannin kayan mota kamar Ladipo a Legas, Apo a Abuja, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano ana samun kaya iri-iri masu farashi daban-daban, don haka mai saye ya tafi da lambar fulogin a rubuce, ya kuma yi hattara da arha mai yawa, domin ana kwaikwayon kwalayen manyan kamfanoni.

Idan misin ya shafi silinda da yawa

Lambar P0300, musamman idan ta zo tare da P0171, tana nuna abin da duk silindoji ke tarayya a kai. A duba tiyoyin roba da ke kewaye da inji ko akwai wanda ya tsage yana shan iska, abin da kan yi sautin huci a silo. A duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri, da ma'aunin iska da ke bayanta. Wannan ma'auni da maganin feshi na musamman ake wanke shi, ba a taɓa zaren cikinsa da hannu. Famfon mai da ya yi rauni kan bayyana idan an taka totur sosai ko an hau tudu.

Lokacin da matsalar ta fara shi ma shaida ne. Idan bayan wankin inji ne ko ratsa ruwan damina, mai yiwuwa ruwa ne ya shiga ramin fulogi, kuma busar da shi ya wadatar. Idan jim kaɗan bayan shan mai ne, a tuhumi man. A watan Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima, lamarin da ya sa aka janye shi daga kasuwa. Motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ta CNG kuwa sun fi buƙatar ƙarfin tartsatsi, don haka raunin fulogi ko koyil kan fara bayyana a kan gas kafin a ji shi a kan fetur.

Inda aikin gida ya ƙare

Akwai alamun da ke nuna lokaci ya yi da za a je gareji. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa, raguwar ruwan lagireto ba tare da an ga yoyo ba, da baƙin mai da ya koma launin shayi mai madara, duk suna nuni ga ƙonewar gasket ɗin kan inji. Ƙarar ƙwanƙwasa daga cikin inji ma haka. Misin da ya ƙi barin silinda guda bayan musanya koyil da fulogi yana buƙatar auna matsi, kuma silindar da ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 tana da lahani a bawul ko zobe. Injin dizal kuwa ba shi da fulogin tartsatsi, kuma matsin man da ke cikin bututunsa na iya huda fata, don haka ba aikin gida ba ne.

Goge lamba ko cire kan batir yana kashe fitila na ɗan lokaci, amma ciwon yana nan, an kuma rasa bayanan da makanike zai yi aiki da su. Haka nan al'adar cire matatar hayaƙi ko bawul mai daidaita zafin ruwan inji takan bar fitilar a kunne dindindin da lambobi irin su P0420 da P0128. Daga ranar, duk sabuwar matsalar da ta taso za ta ɓuya a bayan tsohuwar, direba ba zai san da ita ba sai ta yi nisa.

Mai motar da ya isa gareji da lambobinsa a rubuce, da bayanin lokacin da matsalar ta fara da gwajin da ya riga ya yi, ya rage wa makanike rabin aiki, ya kuma san abin da zai biya kuɗi a kai. Bayan gyara, a tuƙa motar na 'yan kwanaki cikin gari da kan babbar hanya, a sake jona na'urar. Idan babu lambar da ta dawo, gyara ya yi.