Labari Mai Rassa: Daga Faifan Michael Joyce Zuwa Wayoyin Damargu

A watan Nuwamba na 1987, masana kwamfuta suka taru a garin Chapel Hill da ke jihar Carolina ta Arewa a Amurka, domin taro na farko a kan rubutun da ake ƙulla sassansa da mahaɗai. Cikin mahalarta akwai wani malamin adabi da ke koyarwa a wata ƙaramar kwaleji a jihar Michigan, mai suna Michael Joyce. Abin da ya riƙo a hannunsa faifan kwamfuta ne, a cikinsa kuma akwai ƙagaggen labari mai suna afternoon, a story. Mutum biyu za su zauna su karanta shi, kowa ya tashi da labarin da ya bambanta da na ɗan'uwansa. Wannan faifai shi masana suka fi ɗauka a matsayin mafarin labari mai rassa, kuma tarihinsa ya shafi duk wanda yake karanta littafin Hausa a waya yau, ko a Kano yake ko a Tanut.

Inda tunanin ya samo tushe

Tun 1945 wani injiniya Ba'amurke, Vannevar Bush, ya wallafa maƙala a mujallar The Atlantic yana kukan cewa ilimi ya yi yawa, hanyar nemo shi kuwa ta tsufa. A ganinsa zuciyar ɗan Adam tana tafiya ne ta tuni, wannan abu ya tuno maka wancan, wancan ya jawo wani. Sai ya siffanta wata na'ura da ya kira Memex, wadda za ta bar mai karatu ya ƙulla takarda da takarda, ya bar sawu domin wani ya bi. Ba a taɓa ƙera ta ba, amma tunanin ya yi tsiro. A 1965 Ted Nelson ya raɗa wa tsarin suna haifatekis, a 1968 kuma Douglas Engelbart ya nuna wa jama'a a San Francisco yadda ake danna kalma ta kai mutum wani wuri.

Su ma marubutan takarda sun daɗe suna jin ƙuncin shafi bayan shafi. A Faransa, Marc Saporta ya fitar da Composition n° 1 a 1962, warwaren takardu a cikin akwati, mai karatu ya cakuɗa su yadda ya so. A 1963 Julio Cortázar ɗan Ajantina ya wallafa Rayuela mai babi 155, tare da hanyoyi biyu na karanta shi. Daga 1979 yaran Amurka suka saba da jerin littattafan Choose Your Own Adventure, inda ake ce wa yaro in ya zaɓi kaza ya tafi shafi kaza. Duk waɗannan ƙoƙari ne mai kyau, sai dai takarda ba ta tuna abin da ka karanta jiya. Kwamfuta tana tunawa.

Abin da Joyce ya yi

An haifi Michael Joyce a 1945. Ya wallafa littafinsa na farko a takarda, The War Outside Ireland, a 1982. Da ya fara rubutu da kwamfuta, ya ga yadda ake ɗauke sakin layi daga nan a mayar can, sai ya kamu da burin rubuta labarin da zai sauya duk lokacin da aka karanta shi. Babu manhajar da za ta yi masa haka, don haka ya haɗa kai da Jay David Bolter, masanin adabin Girka da Latin wanda ya san kwamfuta, da kuma John B. Smith, suka gina manhajar Storyspace. Da ita ya rubuta afternoon, kamfanin Eastgate Systems na Mark Bernstein ya fitar da shi kasuwa a 1990.

Labarin guntaye 539 ne, an ƙulla su da mahaɗai sama da 900. Jigonsa wani mutum ne, Peter, wanda aurensa ya mutu. Wata safiya yana kan hanyar aiki ya wuce wurin da aka yi haɗarin mota, daga baya zuciyarsa ta fara raya masa cewa waɗanda ya gani kwance a gefen titi tsohuwar matarsa ce da ɗansa. Mai karatu yana iya danna wata kalma a cikin guntun da ke gabansa, ko ya amsa da e ko a'a, ko ya ci gaba kai tsaye. Ba a yi wa kalmomin da ke buɗe hanya wata alama ba, lalube ake yi. Sannan akwai ƙofofin da ba sa buɗewa sai ka riga ka bi ta wani guntu, har kalma ɗaya takan kai ka wuri daban a karo na biyu.

A nan gwanintar Joyce take. Peter mutum ne mai gudun gaskiya: yana buga waya nan da can, yana kewaye-kewaye, yana tsoron tambayar da za ta ba shi amsa. Shi ma mai karatu haka yake tsintar kansa, yana komawa wurin da ya baro, yana ganin jimlar da ya riga ya gani amma ta sauya ma'ana. Wanda ya yi haƙuri yakan isa guntun da ke nuna cewa mai yiwuwa Peter ne da kansa ya haddasa haɗarin. Wanda ya gaji da wuri yakan tashi bai sani ba. Siffar labarin da ciwon da ke cikinsa sun zama abu ɗaya, kuma wannan ne ya raba aikin da wasan yara.

Tashe da abin da ya biyo baya

Wasu suka bi sahu. Stuart Moulthrop ya rubuta Victory Garden a kan zamanin yaƙin Tekun Fasha na 1991. A 1995 Shelley Jackson ta fitar da Patchwork Girl, labarin wata halitta mace da aka ɗinka daga sassan jikin mutane daban-daban, mai karatu shi ke harhaɗa ta gaɓa-gaɓa. Robert Coover na Jami'ar Brown ya rubuta maƙala a jaridar New York Times a 1992 mai taken The End of Books, wadda ta tayar da ƙura a kan ko littafin takarda ya zo ƙarshe. Joyce ya koma koyarwa a Kwalejin Vassar, ya kuma rubuta Twelve Blue a 1996 domin intanet kai tsaye. A 1999 aka kafa ƙungiyar Electronic Literature Organization domin tattara irin wannan adabi.

Littafin takarda bai mutu ba. Faifan ne ya tsufa. Kwamfutocin da aka rubuta waɗannan ayyuka dominsu suka ɓace daga kasuwa, a ƙarshen 2020 kuma aka daina tallafa wa manhajar Flash, ayyuka masu yawa da aka gina da ita suka daina buɗuwa. Yau a Jami'ar Jihar Washington da ke Vancouver, Dene Grigar tana kula da ɗakin da aka tara tsofaffin kwamfutoci domin kawai a iya karanta su yadda aka rubuta su. Amma dabarar ta rayu ta wasu hanyoyi. A 2009 Chris Klimas ya fitar da Twine, manhaja ta kyauta da kowa zai iya rubuta labari mai rassa da ita, a 2018 kuma Netflix ta nuna fim ɗin Bandersnatch, inda ɗan kallo yake zaɓar abin da jarumi zai yi.

Namu gadon

Damargu, yankin Tanut a Nijar, ƙasar mararraba ce. A da, ta nan ayarin Kano da Damagaram yake bi zuwa Agadas, yana sayen gero kafin ya shiga hamada. A watan Janairu na 1851 Turawa uku, James Richardson da Heinrich Barth da Adolf Overweg, suka rabu a Tagelel ta Damargu da alkawarin haɗuwa a Kukawa. Richardson ya nufi Zinder, ya rasu a hanya kafin ya isa Kukawa. Overweg ya bi ta Gobir da Maraɗi, Barth ya bi ta Katsina da Kano. Mai karanta labari mai rassa kamar madugu yake a irin wannan mararraba: hanyar da ya ɗauka ita ce labarinsa, wadda ya bari tana nan da nata.

Ƙasar da Hausawa da Barebari da Abzinawa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya ta saba da jin zance ɗaya ta bakuna da yawa. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi takan sauya daga wannan tsakar gida zuwa waccan, yara su yi tambaya, kaka ta ƙara ko ta rage. A zauren malamai, tsofaffin littattafai warwaren takardu ne a cikin gafaka, a ƙasan kowace takarda an rubuta kalmar da ta buɗe ta gaba domin kada jeri ya rikice, a gefe kuma ga sharhi a kan sharhi. Tsofaffin Alƙur'anan Barno suna ɗauke da bayani da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka. Ɗalibi yana fita daga matani ya shiga gefe ya dawo, wanda shi ne ainihin aikin mahaɗi.

Adabin boko ya zo da jeri miƙaƙƙe, daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar. Duk da haka Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce a kan labari cikin labari, aku yana buɗe wannan ya rufe wancan. Daga tsakiyar shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya ɓullo, da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Ana fitar da littafi kashi-kashi, marubuci ya sa adireshinsa, wasiƙun makaranta su zo kafin kashi na gaba ya fito. Littattafan suka bi ƴan kasuwa suka tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Zinder.

Da waya ta zo, labarin ya koma cikinta. An kafa Wattpad a Toronto ta Kanada a 2006, WhatsApp a 2009, OkadaBooks a Najeriya a 2013. Marubuta, galibinsu mata, suka shiga sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Facebook, makaranta suna sharhi nan take, wannan ta roƙa a bar jaruma da mijinta, waccan ta nemi a hukunta kishiya. BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata a 2016. Ga wanda bai iya karatun boko na Hausa ba, kuma suna da yawa a Nijar inda lakwal ta daɗe tana koyarwa da Faransanci, sai a karanta littafin da murya a tura, ya saurara a gona ko a rumfar kasuwa.

Abin da ya rage a yi

Makaranta sun sami baki, amma labarin har yanzu hanya ɗaya yake bi, marubuciya ce take zaɓa wa kowa. Kuma rashin adana da ya ci faifan Amurka ya fara cin namu: OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023, zaure kuwa yakan watse da duk abin da ke cikinsa ranar da wayar mai shi ta lalace. Yohanna Joseph Waliya, malamin jami'a ɗan Najeriya, ya fara tattara adabin na'ura na Afirka a rumbu ɗaya mai harsuna da yawa, kuma Hausa ta cancanci babban kaso a irin wannan aiki.

Nijar tana da dalilin shiga gaba. A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kundin mulkin da aka ƙaddamar a Maris na 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Twine tana fitar da labari a fayil guda wanda yake buɗuwa ba tare da intanet ba, ana iya tura shi daga waya zuwa waya yadda ake tura waƙa, abin da ya dace da ƙauyukan Tanut da Belbeji, gundumar da aka cire daga Tanut a 2011. Labaran ma suna nan jibge: makiyayin da fari ya tilasta wa zaɓi tsakanin sayar da garke da yin kudu, saurayin da ke tsakanin gonar gero da hanyar Libiya, rijiyar da manomi da makiyayi kowa ke da nasa tarihin a kanta. Irin waɗannan labarai suna da gaskiya fiye da ɗaya, kuma tsari mai rassa yana iya ɗaukar su duka ba tare da an danne ta wani ba. Jami'ar André Salifou ta Zinder da Jami'ar Bayero ta Kano suna da sassan harshe da na kwamfuta. Ya kamata su koya wa matasan marubuta wannan dabara, su kuma buɗe ma'adanar littattafan waya tun marubutansu suna raye, suna iya ba da izini da cikakken kwafi.