Ƙaramar Maɗaba'ar Hannu da Marubucin Hausa: Waiwaye Adon Tafiya

Gabatarwa

Duk wanda ya yi firamare ko sakandare a Kazaure ko Ɓaɓura ko Roni ko Gwiwa a shekarun 1980 da 1990 zai iya tuna ƙamshin takardar jarrabawa. Takan zo mana da ɗan danshi, tawadarta na kama yatsa, wani harafin ya fito raɗau, wani ya dushe har sai malami ya sake rubuta shi a allo. A ofishin shugaban makaranta ake gurza ta, da wani inji mai mariƙi wanda masinja ke juyawa da hannu. A lokacin ba mu san cewa wannan inji yana da tarihi ba, balle mu san cewa tarihin ya shafi tambayar da ke damun kowane marubuci, wato wa zai buga mini littafina? Abin da muke son mu bibiya ke nan a wannan maƙala.

Kafin zuwan inji

Rubutu ya daɗe a ƙasar Hausa kafin ɗab'i. Malamai sun yi ta kwafar littattafan Larabci da waƙoƙin ajami da alƙalamin kara da tawadar da suka dafa da kansu. Amma kwafi ɗaya yakan ci makonni ko watanni, don haka littafi ya zama dukiya, ba kowa ke mallakarsa ba.

A Turai, Johannes Gutenberg ne ya sauya lamarin a birnin Mainz na Jamus, inda ya zuba haruffan ƙarfe masu ciruwa ɗaya-ɗaya, ya kuma buga Baibul wajen 1455. Sai dai injinsa na katako ne, babba, mai bukatar ma'aikata da jari. Bashin da ya ci wurin Johann Fust ne ma ya kai su gaban shari'a a 1455, har kayan aikin suka suɓuce masa. Tun daga ranar farko ke nan, sana'ar ɗab'i tana hannun mai kuɗi.

Yadda aka ƙanƙantar da injin

Sai a ƙarni na 19 aka sami masu tunanin ƙera injin da talaka zai iya saye. Ɗaya daga cikinsu shi ne William Kelsey na garin Meriden a jihar Connecticut ta Amurka, wanda ya fara sayar da wani ɗan inji mai suna Excelsior a 1872. Hikimar Kelsey ta fi ƙarfi a wajen ciniki. Ya riƙa tallata injin a mujallun matasa, mai so ya aika da kuɗi ta gidan waya, a aiko masa da inji da haruffa da tawada. Nan da nan samari suka shiga buga ƙananan jaridu a ɗakunansu, har suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a Philadelphia a 1876.

A Ingila kuwa, wani tsohon soja na Yaƙin Duniya na Ɗaya, Donald Aspinall, ya kafa kamfanin Adana a Twickenham a 1922. Injinsu da ya fi shahara ya fito a 1953, yana buga shafi mai inci 8 da inci 5, kuma ana iya ɗora shi bisa tebur. Aikinsa ba wuya, sai dai haƙuri. Za a jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, a juye, a ɗaure su cikin wani firam na ƙarfe. A shafa tawada a kan wani faifai. Idan aka danna mariƙi, wasu robobi su ɗebo tawadar su shafa wa haruffan, takarda ta matsu a kansu, shafi ya fito.

Kada mai karatu ya raina irin wannan ɗan inji. A 1917 marubuciya Virginia Woolf da mijinta Leonard sun sayi wata ƙaramar maɗaba'ar hannu, suka girka ta a kan teburin cin abincinsu, suka koya wa kansu jera haruffa. Daga nan kamfanin Hogarth ya tsiro, wanda ya buga littattafanta ba tare da ta jira amincewar wani ba.

Akwai kuma wani reshe na wannan tarihi, wanda shi ne ya fi isowa gare mu. David Gestetner, ɗan asalin ƙasar Hangari da ya zauna a Landan, ya yi rajistar wani alƙalami mai huda takarda mai kakin zuma a 1881. Daga wannan dabara aka sami injin gurza takarda mai ɗauke da sunansa. Ana cire ƙyallen tawadar tafireta, a buga rubutu a kan sitansil yadda haruffa za su huda shi, a naɗa shi jikin injin, a juya mariƙi, tawada ta ratsa hudojin ta sauka kan takarda. Sitansil ɗaya yakan ba da ɗaruruwan kwafi. Wannan shi ne injin ofishin shugaban makarantarmu.

Yadda ɗab'i ya iso mana

A Nijeriya 'yan mishan ne suka fara shigo da injin ɗab'i. Hope Waddell ya kawo nasa Kalaba a 1846, Henry Townsend ya kafa nasa a Abeokuta a 1854, inda ya fara fitar da jaridar Iwe Irohin a 1859. Duka injinan hannu ne.

A Arewa kuwa, ɗab'in boko na Hausa ya bunƙasa ne a hannun hukuma. Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ita ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta na Hausa. Aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, NORLA ta yi zamaninta aka rufe ta a 1959, sannan NNPC ya zo a 1966. Babu mai musun alherin waɗannan hukumomi, domin su suka daidaita mana rubutu suka kuma ba mu littattafan da muke koyarwa. Amma ƙofarsu ƙunci gare ta. Marubuci zai aika da rubutunsa Zariya, ya zauna jiran tsammani.

Har ila yau akwai matsalar da ta keɓanta da harshenmu. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun shigo rubutun Hausa a shekarun 1930, alhali yawancin tafiretocin da ake shigowa da su don Ingilishi aka ƙera su. Shi ya sa malamanmu kan bi sitansil da tsinken ƙarfe suna yi wa haruffa ƙugiya da hannu. Idan aka manta, ɓarawo ya koma barawo, ƙafa ta koma kafa.

Malaman zaure su ma sun nemi tasu hanya. Da yake almajirai sun saba da rubutun hannu irin na ƙasarmu, sai aka riƙa ɗaukar hoton abin da gwanayen marubuta irin su Sharif Bala Gabari na Kano suka rubuta, a buga shi da yawa, a sayar a Kasuwar Kurmi.

Ranar da marubuci ya daina jira

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban matasa masu iya karanta Hausa. A daidai lokacin da suke neman abin karantawa sai tattalin arziki ya karye, musamman bayan shirin SAP na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka fi karkata ga littattafan makaranta. Sai marubuta suka ɗauki matakin da Virginia Woolf ta ɗauka, ko da yake ba su sayi inji ba. Suka buga labaransu a tafireta, suka kai wa ƙananan maɗaba'u, suka biya da kuɗin aljihunsu. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed ya fito a 1984, Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka riƙa tallata littattafan junansu, 'yan kasuwar Bata a Kano suka riƙa rarraba su har suka iso tashoshin motarmu.

An soki wannan adabi, wasu suka laƙaba masa sunan Adabin Kasuwar Kano. A cikin sukar akwai gaskiya, domin littattafai da yawa sun fita ba tare da wani ya duba su ba, cike da kurakuran ƙa'idojin rubutu. Amma shi ne ya shigar da mata da matasa fagen da a da ba su da wurin tsayawa a cikinsa.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna mana shi ne, ƙaramin inji yana cire wa marubuci jira, amma ba ya yi masa aikin edita, ba ya kuma kai littafi kasuwa. Kelsey ya ci nasara saboda ya san inda masu sayensa suke. Marubutan Kano sun ci nasara saboda sun haɗa kai wajen talla da rarrabawa. Inda suka yi rauni shi ne wajen tacewa, aikin da Zariya ta ƙware a kai.

Yau kwamfuta da firinta da wayar hannu sun maye gurbin sitansil, kuma haruffa masu ƙugiya na nan a cikinsu ga mai so. Saboda haka marubucin Roni ko Gwiwa ba shi da hujjar cewa rashin inji ne ya hana shi fitowa. Abin da ya rage mana a ƙungiyance shi ne mu ware mutum biyu ko uku da za su riƙa duba rubutun kowane mamba kafin a buga shi, mu kuma yi magana da makarantu da masu shagunan littattafai na yankinmu tun kafin littafin ya fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.