Kwamfutar Dala Ɗari: Tarihin Alkawarin da Aka Yi wa Yaran Talakawa

A watan Nuwamba na 2005, a wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan fasahar sadarwa da aka yi a birnin Tunis, Kofi Annan ya tsaya gefen Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka, suka nuna wa manema labarai wata ƙaramar kwamfuta koriya mai mariƙi rawaya a gefenta. An bayyana cewa idan babu wutar lantarki, yaro zai riƙa juya mariƙin nan da hannu batir ya samu caji. Annan ya kama mariƙin zai gwada, sai ya ɓalle a hannunsa. Kwamfutar da aka ƙera daga baya don rabawa ba ta zo da wannan mariƙi a jikinta ba, domin injiniyoyi sun gano cewa juyin yana jijjiga gangar jikin na'urar, kuma ƙarfin ɗan yaro ba zai ba da wutar da ake bukata ba.

Alkawarin da aka yi a ranar shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka ta dala 100 ga kowane yaro a ƙasashe matalauta. Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin aikin ana kiranta OLPC a taƙaice, ma'anar sunan kuwa kowane yaro da kwamfutarsa.

Tunanin ya girmi ƙungiyar nesa ba kusa ba. Tun a 1972 Alan Kay ya zana siffar wata kwamfutar yara da ya kira Dynabook, a zamanin da kwamfuta ke cika ɗaki. Amma uban tafiyar shi ne Seymour Papert, masanin lissafi ɗan asalin Afirka ta Kudu, wanda ya yi aiki da Jean Piaget a Siwizalan kafin ya koma MIT. Ra'ayinsa shi ne yaro ya fi fahimta idan yana ƙera abu da kansa, kuma kwamfuta ita ce kayan ƙirar da babu kamarta. A 1982 Papert da Negroponte suka kai kwamfutocin Apple II wata makaranta a Dakar ta ƙasar Senegal, ƙarƙashin wata cibiya da gwamnatin Faransa ta kafa. Aikin bai yi tsawon rai ba, amma Negroponte ya fito daga cikinsa da yaƙinin cewa tsadar na'ura ce kaɗai ta tsaya tsakanin ɗan talaka da ilimi.

Ta fuskar ƙira, na'urar da aka sanya wa suna XO-1 ta cancanci yabo. Mary Lou Jepsen ta ƙirƙiro mata fuska mai inci 7.5 wadda ke da hali biyu: mai launi a cikin ɗaki, fari da baƙi a waje, ta yadda za a iya karatu da ita a tsakar rana ba tare da cin batir ba. An lulluɓe madannanta da roba saboda ƙura da ruwa. Ba a sanya mata faifan ajiya mai juyawa ba, wanda shi ne ke fara lalacewa idan kwamfuta ta faɗi. Tana da kunnuwa biyu da ake miƙarwa don kama sadarwa, da niyyar kwamfutocin aji guda su riƙa magana da juna ko babu intanet. Sai dai cikinta ƙarami ne ƙwarai: ƙwaƙwalwar aiki megabait 256, ma'ajiya gigabait 1. Manhajarta, Sugar, an gina ta ne a kan Linux, ba ta kuma yi kama da Windows ɗin da ma'aikatun gwamnati suka saba da ita ba.

Lissafin kuɗin ne ya fara tangal-tangal. Dala 100 ba ta yiwuwa sai an ƙera miliyoyi a tashi ɗaya, don haka aka ce ba za a sayar wa ɗaiɗaikun mutane ba, gwamnatoci ne za su saya, kowace ƙasa miliyan guda aƙalla. Negroponte ya zaga fadojin shugabanni, ya samu kalmar baki daga Barazil da Ajantina da Tailan da Libiya da Najeriya. Da lokacin biyan kuɗi ya zo, sai aka ga musafaha da shugaban ƙasa daban, takardar kwangila daban. A Tailan sojoji suka kifar da gwamnatin Thaksin Shinawatra a 2006. A Najeriya wa'adin Olusegun Obasanjo ya ƙare a watan Mayu na 2007, maganar miliyan guda ta bi shi. Sa'ad da kamfanin Quanta na Taiwan ya fara ƙira gadan-gadan a Nuwamba 2007, farashin kowace ɗaya ya kai dala 188.

Abin da Najeriya ta gani a zahiri shi ne gwajin da aka yi a makarantar firamare ta Galadima, a bayan garin Abuja, inda aka raba wa ɗalibai kimanin 300 samfurin na'urar a farkon 2007. Kafin a kunna ko ɗaya sai da aka jawo wa makarantar wayoyin lantarki, aka kawo janareto, aka kafa faranti mai kama intanet daga tauraron ɗan'adam. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kuɗin kwamfuta wani yanki ne na abin da za a kashe. Yaran sun rungumi na'urar hannu biyu, har wasunsu suka koyi kwance ta suna gyarawa. Amma cikin watanni kaɗan da dama sun lalace, sannan labari ya bazu cewa wasu ɗalibai sun yi amfani da ita wajen buɗe shafukan batsa, domin ba a sanya matacin da zai hana ba. Ministan ilimi na sabuwar gwamnati, Igwe Aja-Nwachukwu, ya fito ya tambayi hikimar raba kwamfuta ga yaran da ba su da bencin zama. Tambayar ta yi wa masu aikin zafi, amma ba su taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba.

A ƙarshen shekarar kuma wani kamfani mai suna Lancor ya maka ƙungiyar a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, yana zargin an kwaikwayi tsarin madannansa na Konyin, waɗanda aka ƙera don rubuta harsunan Najeriya da haruffansu na musamman, irin su ɓ da ɗ da ƙ. Ƙungiyar ta musanta, amma kotu ta ba da umarnin wucin gadi na dakatar da rabon. A lokaci guda kamfanin Intel yana tallata tasa kwamfutar yaran, Classmate, wadda ya gwada a wata ƙaramar sakandare a Jabi, cikin Abujar dai. Intel ya shiga ƙungiyar a tsakiyar 2007, ya fice a Janairu 2008 bayan an yi baram-baram.

Inda aikin ya zauna da gindinsa shi ne Kudancin Amurka. Yurugwai, a ƙarƙashin Tabaré Vázquez, ta ƙaddamar da shirin Ceibal a 2007, kuma zuwa ƙarshen 2009 kowane ɗalibin firamaren gwamnati ya samu tasa. Ƙasar ƙarama ce, tana da lantarki kusan ko'ina, sannan ta haɗa rabon da intanet a makarantu da tsarin gyara. Peru ta sayi fiye da haka, ta aika da su ƙauyukan kan duwatsu inda malaman ba su samu horo mai yawa ba. A 2012 masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka fitar da sakamakon nazarin makarantu 319 na karkarar Peru: bayan wata 15, yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an kuma ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da harshe ba a ga bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba su ba. A Paraguwai, Morgan Ames, wadda ta wallafa littafi kan aikin a 2019, ta tarar da na'urori da yawa a lalace babu kayan gyara, kuma yawancin yaran da ke amfani da nasu kiɗa da wasanni da bidiyo suke nema. A Afirka, Ruwanda ce ta riƙe shirin da gaske, har ta sanya hoton yara da kwamfutar a jikin takardar faran 500 a 2013. Jimillar abin da aka raba a duniya bai wuce kimanin miliyan uku ba, alhali an yi hasashen sama da miliyan ɗari.

Duk da haka, kasuwa ta ji a jikinta. Kafin 2007 masu ƙera kwamfuta sun ɗauka cewa babu mai son ƙaramar na'ura mai rauni. A watan Oktoba na shekarar kamfanin Asus ya fito da Eee PC mai fuskar inci 7 a kan dala 399, mutane suka yi rububinta, Acer da HP da Dell suka bi sahu. Microsoft ya tsawaita ran Windows XP, ya kuma sassauta farashinta, don kada Linux ta mamaye wannan fage. Waɗannan ƙananan kwamfutoci sun yi tashe na shekara uku zuwa huɗu kafin iPad, wadda ta fito a 2010, da manyan wayoyin hannu su kore su. Magajiyarsu ita ce Chromebook ta 2011, wadda ta cika makarantun Amurka, ko da yake yawancin amfaninta ya dogara ne da intanet mai ɗorewa, abin da ya rage mata daraja a inda ake sayen data da awo.

Iyaye a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ba ta hannun gwamnati suka samu kwamfuta mai sauƙin kuɗi ba. Ta zo ne a cikin kwantena, tsohuwa, bayan ofisoshin Turai da Amurka sun gama da ita, ta sauka Legas ko Kwatano, ta bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ta iso Farm Centre. Buƙatar ta ƙaru tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook an ƙera su ne don aikin kamfanoni, jikinsu da ƙwari, kuma suna da abin da XO-1 ta rasa a Galadima: batir da caja da fuska da madannai a shagon da ke kusa, da mai gyaran da ya san cikinsu. Rauninsu shekaru ne. Batirin da ya yi shekara biyar yana aiki da wuya ya riƙe caji awa biyu, kuma Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari, alhali Windows 11 a hukumance ba ta karɓar yawancin na'urorin da injinsu ya girmi zubi na takwas na Intel, wato na wajejen 2017. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ke jere a kan tebura a kasuwannin nan, a farashi mai jan hankali, suna ƙasa da wannan layi.